Makullin Injin Koko

Shifa, 'yata ta uku, ita ta kafa akwatin a bangon gidan niƙana, ta kuma ba ni makullinsa a gaban mutane.

Sunana Sharfuddeen. A Maamobi, nan Ankara ta Gana, Baba Sharfu ake ce mini. Ban yi boko ba. Allo na yi kaɗan, sai mahaifina ya tsayar da ni a bakin injin niƙa, a nan gemuna ya yi fari. Duk macen da ta taɓa sayar da koko daga Nima zuwa Maamobi ta san ƙofata. Suna zuwa da jiƙaƙƙen gero a kai, da citta, da kanumfari, da barkono, in markaɗa musu su tafi su tace. Ban taɓa haɗa ƙullun wata da na wata ba. Ban taɓa ba kowa haƙuri a kan aikina ba, don ban yi abin ba da haƙuri ba.

Shifa ta yi karatun injuna a Kumasi. Tana aiki a Tema, a wani kamfani inda mutum ɗaya kan zauna gaban allon na'ura ya tafiyar da aikin unguwa guda. Ita ta ce mu daina tsayawa ga markaɗe. Ta ce 'ya'yan Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa, sun cika ƙasashen Turawa suna kwaɗayin koko, kuma ƙullu ba ya hawa jirgi. Amma in an busar da gasara ta zama gari, aka zuba a leda, ko'ina za ta kai. Na saurare ta har ta gama. Na ce a yi.

Ga yadda aikin yake. Mata su jiƙa gero, in markaɗa, su tace, gasara ta kwanta ta yi tsami, a matse ta. Sai a shimfiɗa ta a farantai, kowane faranti ya hau sikeli, a tura cikin tanda. Tandar ta ƙarfe ce, ta fi mutum tsayi, gas take ci. Da zarar an rufe ƙofarta, hannun ɗan Adam ya fita. Akwatin bango ne mai iko. Sikeli ya riga ya gaya masa nauyin abin da ya shiga. Yana da wayoyi a cikin tanda, wasu na jin zafi, wasu na jin damshi. Shi ke ɗaga wuta, shi ke rage ta, shi ke juya fanka. In an ɗauke lantarki ya tada janareta bai tambayi kowa ba. In an yi ruwa iska ta yi nauyi, yakan sani kafin ni, ya sake lissafi. Fitilarsa biyu ce. Muddin ja ke ci, ƙofa a kulle take. Sai ya gamsu kaya sun bushe har ciki yake kunna koriya, ƙofa ta saki da kanta.

Matan aiki suka sa masa suna Alƙali. Ban hana su ba. Tun ranar farko halinsa ya yi mini. Ba ya gaisuwa, ba ya karɓar goro, ba ya jin kunyar suruki.

Ranar da aka gama kafa shi aka yi addu'a, aka raba masa da goro. Shifa ta durƙusa ta miƙo mini ƙaramin makulli.

"Baba, wannan yana buɗe ƙofa ko Alƙali ya so ko ya ƙi. Don gobara ne, ko in inji ya mutu da kaya a ciki."

"Me ya hana ki riƙe?"

"Ni ina Tema. Kuma ni ana iya roƙona." Ta dubi mutane ta yi murmushi. "Duk gidan nan kai kaɗai ne ba a iya roƙo."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don gaskiya ta faɗa. Na ɗaura makullin a jikin carbina.

A jikin leda an rubuta Garin Koko na Baba Sharfu, Maamobi. Shifa ta so a sa hotona. Na ce suna ya isa.

Mai kawo mana ciniki Ɗanbala ne, ɗan kawuna. Taubashina ne, don haka yana da bakin faɗa mini abin da wani ba zai faɗa ba. Dillali ne a kasuwar Tudu, ya san kowane direba da kowane mai kwantena. Shi ya haɗa mu da Fu'ad, haifaffen Nima mai kanti a Amurka, a unguwar da 'yan Zongo suka taru. Fu'ad ya gwada 'yan kwalaye, suka ƙare nan da nan. Sai ya aiko a yi masa kaya masu yawa na azumi, don ko a can ba a buɗe baki sai da koko. Sharaɗinsa ɗaya ne: kaya su shiga jirgin ruwan wannan makon. Jirgin da ke biye sai bayan Salla zai isa. In mun cika alkawari, ciniki ya zama namu duk shekara, matan gidan nan sun samu aikin da ba ya yankewa. In mun kasa, akwai wani mai gari a Kumasi da ke jira.

Shugabar matan Yaya Zuera ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Ta sayar da koko a bakin kasuwar Nima har gwiwoyinta suka ƙi. Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyarmu ke kasuwa. Yanzu a kan kujera take aiki, tsakanin sikeli da bakin tanda, kowane faranti ta gabanta yake wucewa.

Kayan Fu'ad kashi biyu muka yi su. Kashin farko ya bushe, an niƙa, an cika ledoji, kwalaye na jere a zaure. Kashi na biyu, wanda ya fi yawa, ya shiga tanda Laraba da yamma. Alhamis kafin la'asar dole mota ta tashi, don a ranar ake rufe kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tema, hanyar Tema kuwa ba ta da tabbas.

Ranar Alhamis na dawo daga sallar asuba na tarar jar fitila ke ci. Ban damu ba, an yi ruwa da dare. Hantsi ya yi, ja. Mata sun wanke hannu sun jera ledoji, sun zauna suna kallon bango kamar masu jiran likita. A jikin akwatin akwai allo mai nuna lamba. Boko ban iya ba, amma lamba na sani. Shifa ta koya mini cewa lambar damshi sai ta sauka ƙasa da wani layi. Tana sama da shi kaɗan, tana sauka kamar tsohuwa a matakala.

Sai ga Ɗanbala da mota. Direban wani Ba'asante ne, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula.

"Taubashi, ina kaya?"

"Suna ciki."

"Ciki ina? Rabi na gani a zaure."

Na nuna masa fitila. Ya je gaban akwatin ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Alƙali. An kwana lafiya? Ya iyali? Muna da jirgi fa."

Mata suka yi dariya. Fitila ba ta canza ba.

Na kira Shifa. Duk abin da Alƙali ke gani tana gani a wayarta, ko tana Tema. Na buɗe murya don kowa ya ji. Ta gaishe ni, ta gaida Goggonta, ta shiga dubawa.

"Baba, ruwan da tanda ta fitar tun jiya ya fi ƙarfin nauyin da sikeli ya faɗa. Ko sikeli ya yi ƙarya, ko an ƙara wani abu bayan an auna."

"Sikelina ba ya ƙarya."

"To an ƙara."

Matan suka sunkuyar da kai, duka a tare. Yaya Zuera kaɗai ba ta sunkuyar ba.

"Ni na ƙara," in ji ta. "Kowane faranti da ya sauka daga sikeli na ɗora masa dunƙule biyu ko uku, na shafe."

"Don me, Yaya?"

"Kai ma tambaya kake yi? Fu'ad ɗan marigayiya Latifa ne. Tukunyata nan, ta uwarsa nan, haka muka yi shekaru a bakin kasuwa. Yaro ya aiko daga bayan teku, sai a auna masa cif kamar baƙo? Tun da nake ban taɓa miƙa wa mutum koko ban ƙara masa ludayi ba. Na ce in an cika nasa a samu rarar kwali ɗaya ko biyu a yi masa gyara."

"Me ya hana ki ɗora kafin sikeli?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Abin da aka auna ai ya zama ciniki, Sharfu. Ba a auna gyara."

Ɗanbala ya dafe kai. Shifa ta ce, "Goggo, kin taɓa yi a baya?"

"Kullum. Ɗan kaɗan. Bai taɓa cewa komai ba."

"Yana faɗa, Goggo. Lokaci yake ƙarawa, ba ku lura ba. Yau dai shimfiɗar ta yi kauri. Sama ya bushe, tsakiya da saura. In ya ɗaga wuta sama ya ƙone, ƙamshin citta ya gudu. Shi ya sa yake bi a hankali."

Na ce, "Sai yaushe?"

"Lissafinsa ya ce bayan magariba."

"Bayan magariba," in ji Ɗanbala, "an riga an buga wa kwantena hatimi, mai ita yana gida yana cin tuwon banku."

A jikin ƙofar tanda akwai 'yar taga da dogon cokali, ta nan ake ɗebo kaɗan a duba. Ɗanbala ya zura cokalin ya ɗebo, ya kama hannuna ya zuba mini a tafi.

"Matsa mu gani."

Na dunƙule hannu na buɗe. Ya warware kamar yashi. Na sa a baki, ya yi ƙaras.

"To? Kai ba ka ƙarya. Faɗi."

"A hannuna ya bushe."

"Alhamdu lillahi. Jama'a kun ji. Hannun da ya niƙa wa Nima da Maamobi tun kafin a haifi wadda ta kawo akwatin ya ce ya bushe. Shi za a bi, ko ƙarfen da aka sayo jiya? Taubashi, kai ne mai gida ko shi? In shi ne, gaya mana mu riƙa kai masa gaisuwar Salla."

Mata suka gyaɗa kai. Ɗanbala ya san inda yake taɓawa. Tun muna yara ya sani.

Na kakkaɓe hannu. Na ce, "Cokalin nan daga ina ya ɗebo?"

"Daga faranti mana."

"Daga sama, a bakin taga. Hannuna bai shiga tsakiya ba. Kuma hannuna ya san garin da za a dama gobe da safe a Nima. Bai taɓa bin gari cikin ƙarfe a kan teku ba. Abin da na sani, na sani. Abin da ban sani ba, ba na rantsuwa a kansa."

"Yau kuma tawali'u ya zo maka? A wannan ranar?"

"Kai ka ba ni labarin mutumin Ashaiman. Ka ce garinsa ya isa Landan aka buɗe kwali aka tarar ya yi kore, aka ɗauki hoto aka watsa a waya. Kana dariya kana ba ni. Ina yake yanzu?"

"Wancan a rana ya shanya."

"Ina yake yanzu?"

"Yana sayar da gawayi," in ji Ɗanbala, ya kau da kai.

Ya matso kusa, ya rage murya.

"To bar makullinka, kar a ce kai ka buɗe. Akwai mai gyaran wuta a Tudu, in kira shi yanzu ya hau babur. Waya ɗaya zai naɗa a bayan akwatin, fitila ta zama koriya. Ba haka muke yi ba tun da can? Fis ya ƙone, a naɗa waya, a ci gaba da harka."

"Shi ya sa kasuwa ke ƙonewa."

"Allah ne ke ƙona kasuwa."

"Duk wanda ya kawo filaya bangon nan, ta taga zai fita. Har wanda ya kira shi."

"Ni na fi ƙarfin tagarka, dubi tumbina."

"A faɗaɗa ta."

Aka kira azahar. Muka tafi masallaci tare, ya tsaya a gefena a sahu. Ko a wurin takalma bai bar ni ba. Ya ce ya ba Fu'ad kalmarsa, ya ba mai kwantena kalmarsa, in rabin kaya suka tafi rabin mutuncinsa ne ya tafi. Ban musa masa ba. Gaskiyarsa ce. Muka dawo, ja. Lamba ta sauka kaɗan, ba ta kai layi ba.

Ɗanbala ya fita waje da waya, ya dawo ya miƙo mini. Fuskar Fu'ad ce a ciki, can safiya ce, yana buɗe kanti.

"Baba, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya. Ya baƙunta?"

"Alhamdu lillahi. Baba, Kawu Ɗanbala ya gaya mini komai. Ku zuba haka nan. A wurina gari ba ya kwana, kafin goma ga azumi ya ƙare. In wani abu ya faru, ni na ɗauka."

"Sunan wa ke jikin leda?"

"Naka, Baba."

"To kai me za ka ɗauka?"

Na ji ƙarar mota ta wuce a ƙasarsu.

"Baba, in rabi ya zo, dole in cika kanti da na mutumin Kumasi. In mutane suka saba da nasa kuma, ban san yadda baɗi za ta kasance ba. Ba barazana nake yi ba, wallahi."

"Na sani. Ciniki ne. Ka gaida iyali."

Na mayar wa Ɗanbala wayarsa. Ya karɓa yana kallona kamar na zubar masa da miya.

Na zagaya bayan gidan niƙa inda babu kowa, na sake kiran Shifa. Ba na son kewaye-kewaye.

"In na buɗe yanzu, zai lalace?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila duka ya isa lafiya. Wataƙila leda ɗaya cikin goma ta yi fumfuna. Alƙali ma bai ce zai lalace ba. Cewa ya yi bai kai inda muka yi alkawari ba."

"Mu wa?"

"Ni da kai. Ranar da muka ja layin na ce a ɗan ɗaga shi, a samu sauƙi. Ka ce a'a, a sa inda masu gwajin abinci suka ce."

Na tuna. Haka na ce.

"Ba za ki iya lallashinsa daga nan ba? Ya yi sauri?"

"Na duba. Duk saurin da zai yi ba tare da ya ƙona ba, yana yi. Ya fi ni sanin cikin tandar yanzu."

"Me kike so in yi?"

"Makulli na hannunka, Baba."

Wannan 'yata ce. Na kashe waya.

Na koma ciki na ce a loda abin da ke zaure. Aka tashi direba. Mata suka fara jidar kwalaye, ba waƙa, ba hira. Su da kullum sai na tsawata kafin a ji ƙarar inji. Wata daga cikinsu, Zakiya, mai 'ya'ya huɗu kuma mijinta na kwance, ta wuce da kwali a kai tana magana ƙasa-ƙasa. Ba ƙasa sosai ba.

"Gyaran Hajiya ya cinye mana shekara."

Yaya ta ji. Kowa ya ji. Na ce a ajiye kwalaye a tsaya.

"Ku saurara. Ba mai zagin gyara a gidan nan. Da ludayin da matar nan take ƙarawa aka san gidanmu, kafin a san injina. Rabinku a tukunyarta kuka koyi damu. Daga yau ma za a riƙa yin gyara, amma faranti ba ya shiga tanda da abin da sikeli bai gani ba. Alƙali ba ya hana alheri. Ɓoyo ne ba ya so. Zakiya, kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Je ki kantin gaba, inda muke sayar wa 'yan unguwa. Ɗauko kwali ɗaya. A rubuta a jiki, gyara daga Zuera ƙawar Latifa. A sa a mota."

Ta tafi ta ɗauko. Ɗanbala ya ce, "Rabin kaya da gyara a kai. Wannan ko a Tudu ban taɓa gani ba."

"Yau ka gani."

Aka gama lodi. Rabin motar fili ne. Direba ya danna ham, ya leƙo ya yi magana da Tonanci, harshen Asante, cewa shi in rana ta karkata ba ruwansa. Ɗanbala ya amsa masa da yarensa, ya roƙe shi ya ɗan ƙara. Sannan ya juyo gare ni. Wasa ya fita daga muryarsa.

"Sharfu, har yanzu da lokaci. In ka buɗe yanzu, kai ka niƙa, mata su cika, ni in kira mai kwantena in durƙusa masa ta waya. Za mu kai. Bayan wannan babu."

Na dubi allo. Lamba na gab da layi. Tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Amma ba ta taɓa shi ba, kuma na ga yadda take tafiya tun safe.

"Dubi," in ji Ɗanbala. "Wannan ɗan abin ne zai raba mu da Amurka?"

Sai na ji sandar Yaya a kan siminti.

Ta tashi daga kujerarta. Mata biyu suka zo su kama ta, ta ture su. Ta tako har gabana, a hankali, kowane taki da nishi. Na miƙe. Ta saki sanda ta fara sauka ƙasa. Na kama hannunta.

"Yaya, kar ki yi."

"Sake ni."

Ta durƙusa a kan gwiwoyin da ba ta iya sujada da su sai a kujera. Mata suka matsa gefe. Ɗanbala ma ya ja da baya.

"Sharfu, ni na goya ka. Kana ƙyanda ni na kwana da kai a baya ina zagaya tsakar gida. Da Baba ya rasu aka so sayar da injin nan, tukunyata ce ta hana. Ban taɓa goranta maka ba, ban taɓa roƙonka komai ba. Ko kujerar Makka da ka biya mini, ban roƙa ba."

"Haka ne."

"Ba kwali nake so ba. Kwalinka bai wanke ni ba. In cinikin nan ya tafi Kumasi, matan nan za su koma gida su zauna, kuma duk Maamobi za a ce Zuera ce. A gidan suna za a faɗa, a gidan biki za a faɗa. Da wannan zan shiga kabari? Hannuna ya yi kuskure, na yarda. Kai kuma hannunka ya ce ya bushe, a gaban kowa ka faɗa. Mai kaya ya ce a turo. 'Yarka ma ba ta ce zai lalace ba, na san ta, da ta ce da ka faɗa. Saura kai kaɗai. Ka rufa mini asiri, ɗan uwana. Juyi ɗaya ne."

Hawaye na bin fuskarta. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga hawayenta ba. Matan duk suna kallon hannuna na dama, inda carbi yake, makulli na lilo a ƙarshensa.

Na yi tunanin wata mace a can ƙasar sanyi, ta wuni da azumi, ta ɗora ruwa, ta yaga leda da sunana a jiki. Ban san ta ba. Ba ta goya ni ba. Amma ita ba ta da taga ko dogon cokali, sunan kawai ta gani ta saya.

Na sunkuya na ɗaga Yaya da hannu biyu. Ba ta da nauyi kamar da. Na zaunar da ita a kujerata, wadda ba mai zama a kai, na ɗauko sandarta na jingina mata. Na ce da Ɗanbala ya shiga mota ya bi kaya, kar a rasa rabin ma. Na gaya wa mata su je su yi la'asar su dawo bayan magariba, akwai niƙa, kuma abin da ya fito gobe zai shiga kasuwar Nima da Agbogbloshie, azumi a nan ma ana yi.

Ba wanda ya motsa. Direba ya sake danna ham. Fitila ja.

Yaya ta riƙe bakin rigata.

"Sharfu."

Na naɗe carbi da makulli na sa a aljihu.

"Yaya, ba zan buɗe ba."